Tekun Indiya da ƙasashen da ke bakinsa: tambayoyi da amsoshi kan arziki da hanyar ciniki

Tekun Indiya shi ne na uku a girma a duniya, bayan Fasifik da Atlantika. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 70. Amma ba faɗin nan ne ya sa ake yawan ambatonsa ba. Abin da ke bi ta kansa ne, da kuma yawan bayin Allah da ke zaune a gefensa, daga gaɓar Afirka ta gabas har zuwa yammacin Ostireliya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan yanki.

Waɗanne ƙasashe ake nufi idan an ce ƙasashen bakin Tekun Indiya?

Fara daga Afirka ta Kudu ka hauro arewa: Mozambik, Tanzaniya, Kenya, Somaliya, Jibuti. Ka tsallaka zuwa Yaman da Oman da ƙasashen Larabawa masu mai, sai Iran, Pakistan, Indiya, Siri Lanka, Bangaladash, Miyanma, Tailan, Maleshiya, Singafo, Indunusiya, ka dire a Ostireliya. A tsakiyar ruwan kuma akwai tsibirai masu cin gashin kansu: Madagaska, Morishus, Seshel, Komoros da Maldibs. Wasu daga cikin waɗannan ƙasashe suna sahun mafiya arziki a duniya, wasu kuwa suna can ƙurya a jerin matalauta, kuma sau da yawa tafiyar kwana biyu ko uku ce kawai a jirgin ruwa tsakanin wannan da waccan.

Shin muhimmancin wannan teku sabon abu ne?

Ko kusa. Tun kafin Turawa su san hanyarsa, fatake sun daɗe suna kai da komowa a kansa, kuma iska ce ta koya musu. A wannan teku iskar tana juyawa sau biyu a shekara. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana kaɗawa daga arewa maso gabas, sai ta ɗauko jiragen katako masu filafilai daga Indiya da Oman ta kawo su gaɓar Afirka. Daga Afrilu sai ta juya ta mayar da su gida. Mutanen Suwahili suna kiran ta farko kaskazi, ta biyun kuma kusi. Wanda ya iso da kaskazi dole ya zauna watanni yana jiran kusi, a wannan zaman jiran ne aka yi aure, aka haihu, aka gina masallatai, harshen Suwahili ya kwashi kalmomin Larabci da Farisanci da na Indiya.

Da Ibn Battuta ya ziyarci Mombasa da Kilwa a 1331, ya tarar da garuruwan Musulmi masu arziki, zinariyar da ake haƙowa can cikin ƙasar Zimbabuwe ta yau tana fita ta hannunsu. Ana kai hauren giwa, ana kawo yadi da tangaran. Jiragen Sin ƙarƙashin Zheng He sun iso har gaɓar Afirka a farkon ƙarni na 15. Shi kansa Vasco da Gama, a 1498, sai da ya ɗauki ja-gora a Malindi kafin ya iya kaiwa Kalikut ta Indiya. A ƙarni na 19 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa Zanzibar, aka cika tsibirin da gonakin kanumfari. Kada a manta, bayi ne suka noma wannan kanumfari, kuma kasuwar bayi ta Zanzibar tana cikin mafiya girma a zamaninta. Arzikin wannan teku tun fil azal yana da waɗanda suke ci da waɗanda ake ci da guminsu.

Me ya sa ake cewa maƙogwaron cinikin duniya yana nan?

Saboda tekun kamar ɗaki ne mai ƙananan ƙofofi, duk mai shiga ko fita sai ya bi ta cikinsu. Ta farko ita ce mashigar Hurmuz, tsakanin Iran da Oman, wadda faɗinta a inda ta fi tsukewa bai kai kilomita 40 ba. A 2023 kusan ganga miliyan 20 na mai ke bi ta nan kowace rana, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ke ƙonawa, ga kuma iskar gas ɗin Katar. Mafi yawan wannan mai gabas yake nufa, zuwa Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu.

Ta biyu ita ce Malaka, tsakanin Maleshiya da tsibirin Sumatara na Indunusiya. Kusa da Singafo hanyar tana matsewa har ta gaza kilomita 3, amma ta nan manyan jiragen dakon mai ke jerin gwano zuwa gabashin Asiya. Ta uku kuwa Babul Mandab ce, tsakanin Yaman da Jibuti, ƙofar Bahar Maliya da ke kaiwa mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869.

Idan aka toshe ɗaya daga cikin ƙofofin nan fa?

An gani, ba labari ba ne. A Maris na 2021 wani katafaren jirgin kwantena mai suna Ever Given ya gitta a mashigin Suwez ya maƙale kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a baki biyun. Wannan haɗari ne, ya zo ya wuce. Abin da ya fi shi tsanani ya fara a Nuwamban 2023, lokacin da 'yan Husi na Yaman suka soma kai wa jirage hari a Bahar Maliya kan yaƙin Gaza. Manyan kamfanonin jiragen ruwa suka gwammace su zagaya ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar da ke ƙara kwana 10 ko fiye. Kuɗin mai ya ƙaru, kuɗin inshora ya tashi, kuɗin dakon kwantena ya ninka.

Wadda ta fi jin jiki ita ce Masar. Kuɗin fiton da take samu daga Suwez ya haura dala biliyan 10 a 2023, sai ya faɗo zuwa wajen biliyan 4 a 2024, a daidai lokacin da ƙasar ke neman dala ido rufe. Wannan shi ne haɗarin dogara da kuɗin wucewa: ranar da masu wucewa suka canza hanya, mai ƙofa ba shi da abin sayarwa.

A cikin manyan ƙasashen yankin, wace ce ta fi bunƙasa, kuma ta yaya?

Indiya ce babbar yaya. A 1991 ta wayi gari asusunta na kuɗin waje bai fi na sayen kayan 'yan makonni ba, har sai da ta jinginar da zinariyarta. Firayim Minista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka sassauta dokokin lasisi da na shigo da kaya. Shekara 31 bayan nan, a 2022, tattalin arzikin Indiya ya wuce na Birtaniya, tsohuwar uwargijiyarta. A 2023 kuma ta zarce Sin a yawan jama'a. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin kayan da take ciniki da waje ta ruwa yake bi.

Abin da ya fi burge ni a lamarin Indiya shi ne mai. Ƙasar tana sayo fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen man da take buƙata, duk da haka tana cikin manyan masu fitar da tataccen mai. A Jamnagar da ke jihar Gujarat akwai matatar da ta fi kowace girma a duniya. Ɗanye ya shigo ta teku, dizal da man jirgin sama su fita ta tekun, ribar tacewa ta zauna a gida.

Indunusiya ta bi irin wannan tunani ta wata fuskar. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 da mutane fiye da miliyan 270, ita ce kan gaba a duniya wajen samar da manja. A Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel, ta ce duk mai so ya zo ya gina masana'antar narkarwa a ƙasarta. Tarayyar Turai ta kai ta ƙara gaban Hukumar Ciniki ta Duniya, ba ta janye ba. Kamfanonin Sin suka zuba jari a tsibirin Sulawesi, yau fiye da rabin nikel ɗin da ake haƙowa a duniya daga Indunusiya yake. Sai dai an sare dazuzzuka, da kwal ake kunna masana'antun, kuma fashewar wata tanderu a Morowali a Disamban 2023 ta kashe ma'aikata kusan 20.

Bangaladash kuwa da allura da zare ta tashi. Ita ce ta biyu bayan Sin wajen fitar da ɗinkakkun tufafi, waɗanda suka haura kashi 80 cikin 100 na duk abin da take sayar wa waje, kusan duka ta tashar Citagon. Ma'aikata wajen miliyan 4 ke wannan ɗinki, mafi yawansu mata. Ranar 24 ga Afrilu, 2013, benen Rana Plaza ya rufta kan masu ɗinki, mutum sama da 1,100 suka rasu, alhali tun jajibirin ranar an ga tsagewar bangon. An gyara dokokin gini da na kashe gobara bayan haka. Amma mafi ƙarancin albashin da aka yanka a ƙarshen 2023 taka 12,500 ne a wata, abin da da kyar ya wuce dala 100. Duk wanda zai yabi bunƙasar Bangaladash, ya tuna da matar da ke zaune gaban keken ɗinki tun safe har dare.

To, ƙananan ƙasashe da ba su da faɗin ƙasa ko yawan jama'a, da me suke ci?

Da hidima. Singafo ta sami 'yanci a 1965 ba tare da ko rijiyar mai ɗaya ba, hatta ruwan sha daga Maleshiya take sayo wani ɓangarensa. Abin da take da shi kawai shi ne zama a bakin Malaka. Ba ta tsaya kallon jirage suna wucewa ba: ta sayar musu da mai, ta gyara su, ta yi musu inshora, ta ba su bashi, ta sauke kwantena daga babban jirgi ta ɗora wa ƙarami cikin sa'o'i. Yanzu tasharta ce ta biyu a duniya wajen hada-hadar kwantena bayan ta Shangai, kuma babu inda jirage ke shan mai kamar nan.

Dubai ta buɗe tashar Jabal Ali a 1979, ta ƙara da yankin ciniki mara haraji a 1985, tun man da take da shi bai ja baya ba. Mai son ganin tsohon ciniki da sabo a wuri guda ya je bakin rafin da ya ratsa tsohon garin. Jiragen katako ne jere, irin na kaka da kakanni sai dai yanzu da inji, an jibge firji da tayoyi da buhunan shinkafa a bakin ruwa har sun fi mutum tsawo, 'yan dako na ɗorawa da hannu, za a nufi Iran ko Yaman ko Somaliya. Kamfanin DP World na Dubai kuwa shi ke riƙe da tashar Barbara a Somalilan, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, da ta Maputo, kuma a 2023 ya karɓi wani sashe na tashar Darussalam na shekara 30.

Morishus labarinta daban ne. Da ta sami 'yanci a 1968, sukari ne sama da kashi 90 cikin 100 na abin da take fitarwa, kuma masanin tattalin arziki James Meade ya riga ya yi hasashen ba za ta kai labari ba. Ta ɗauki ribar rake ta zuba a masaƙu, daga nan otal-otal, daga nan bankuna. A 2020 Bankin Duniya ya sa ta cikin ƙasashe masu babban samu, kodayake korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido ta mayar da ita baya a shekarar da ta biyo.

Ina Gabashin Afirka ta tsaya a wannan tsere?

Ƙarfinta yana bayanta, wato ƙasashen da ba su da bakin teku. Yuganda, Ruwanda, Burundi, Sudan ta Kudu, Zambiya, Malawi da gabashin Kwango duk ta Mombasa ko Darussalam ko Beira suke numfashi. Habasha, mai mutane sama da miliyan 120, ta rasa gaɓarta tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993, yanzu wajen kashi 90 cikin 100 na kayanta ta Jibuti suke bi. Shi ya sa yarjejeniyar da ta ƙulla da Somalilan a Janairun 2024 don samun kafa zuwa teku ta tayar da ƙura har Mogadishu da Alƙahira.

Kenya ta buɗe sabon layin dogo daga Mombasa zuwa Nairobi a 2017, da bashin bankin Sin. Tanzaniya ta fara jigilar fasinja a layinta mai aiki da lantarki daga Darussalam zuwa Dodoma a 2024. Ana shimfiɗa bututun mai mai tsawon kilomita 1,443 daga Hoima ta Yuganda zuwa Tanga. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka iso Mombasa a 2009 sun karya farashin intanet a yankin baki ɗaya.

Damuwata ita ce abin da ke cikin kwantenonin. Masu shigowa cike suke da injuna da magunguna da taki da tufafi. Masu fita kuwa ganyen shayi ne, da gahawa, da ɗanyen kashu da za a kai Indiya ko Biyetnam a ɓare, da yawa ma wayam suke komawa. Tasha mai kyau tana sauƙaƙa shigowar kayan wasu kamar yadda take sauƙaƙa fitar naka.

Mozambik ta nuna wata fuskar. An gano iskar gas mai ɗimbin yawa a gaɓar lardin Kabo Delgado tun wajen 2010, kamfanin TotalEnergies ya shirya aikin dala biliyan 20. Lardin na cikin mafiya talauci a ƙasar, matasansa ba aiki, masu tayar da ƙayar baya suka sami wurin shiga. Bayan harin garin Palma a Maris na 2021 aka dakatar da aikin shekaru.

Da gaske ne Sin tana ɗana wa ƙasashen yankin tarkon bashi?

Misalin da kowa ke kawowa shi ne tashar Hambantota ta Siri Lanka. An gina ta da bashin Sin a mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Mahinda Rajapaksa, jirage ba su zo kamar yadda aka zata ba, a 2017 aka ba wani kamfanin Sin hayarta ta shekara 99 kan dala biliyan 1.1 da ɗoriya. Wannan gaskiya ne. Amma ba ƙwace tashar aka yi a madadin bashi ba, gwamnati ce ta nemi dala don cike asusunta. Kuma lokacin da Siri Lanka ta kasa biyan bashi a 2022, kaso mafi girma na abin da ake bin ta na masu sayen takardun lamuni ne a kasuwannin duniya. Ƙara da rage haraji na 2019, da durƙushewar yawon buɗe ido, da hana shigo da takin zamani dare ɗaya a 2021 wanda ya karya noman shinkafa da shayi. Mutane suka kwana a layin mai, har suka kutsa fadar shugaban ƙasa, Gotabaya Rajapaksa ya tsere a Yulin 2022.

A ganina, mai ba da bashi yana da nasa lissafi, ba sadaka yake yi ba. Amma sa hannun da ke kan takardar na shugabannin gida ne, kuma su suka zaɓi inda za a gina tashar.

Me ya kawo sansanonin sojan ƙasashen waje?

Mai da hanya. Jibuti, ƙasa mai mutane wajen miliyan ɗaya, tana karɓar haya daga sojojin Faransa da Amurka da Japan da Italiya, sannan a 2017 Sin ta buɗe sansaninta na farko a ƙasar waje a can. Amurka na da babban sansani a tsibirin Diyego Gashiya, wanda Birtaniya ta kwashe mazaunansa na asali ta watsar a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970. Sin na gina tashar Gwadar a Pakistan, Indiya kuma ta sa hannu a 2024 kan tafiyar da Cabahar ta Iran, tasoshi biyu da ke maƙwabtaka a gaɓa ɗaya.

Kifin tekun fa, wa ke kwashe shi?

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa ikon albarkatun ruwa har mil 200 daga gaɓarta. Da wannan, Seshel mai ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 500 ba ta mallaki ruwan da ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya. Mallaka a takarda daban, iya tsarewa daban.

A Maldibs har gobe da sanda ake kamun kifin tuna. Masunta kan jeru a bayan jirgi, ɗaya yana watsa ƙananan kifaye masu rai, ana fesa ruwa don kifin ya ruɗe, kowa ya jefa ƙugiyarsa mara ƙaya ya fizgo ɗaya ya wurga baya, ya sake jefawa. Ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗawa da kunkuru ko ƙananan da ba su isa ba. A tekun nan dai, manyan jiragen Sifen da Faransa suna kewaye garken kifi da ragar da ta fi kilomita tsawo su ɗauke gaba ɗaya, ga na ƙasashen gabashin Asiya masu dogayen igiyoyi da dubban ƙugiyoyi. Hukumar da ke kula da tuna a wannan teku, mai mazauni a Seshel, ta shafe shekaru tana jayayya kan wa zai rage kamu. Masu sanda suna cewa ba su suka ƙarar da kifin ba, kuma ina ganin gaskiyarsu.

'Yan fashin tekun Somaliya sun ƙare?

Sun ragu ƙwarai. A 2011 hare-harensu sun haura 200, daga nan sintirin sojojin ruwa da masu gadi da bindiga a kan jirage suka karya lagonsu. Sun sake ɗaga kai a ƙarshen 2023, har sai da sojojin ruwan Indiya suka ƙwato wani jirgi daga hannunsu a Maris na 2024. Koken da masuntan Somaliya ke yi tun rushewar gwamnati a 1991, cewa jiragen baƙi na sace musu kifi, yana nan bai sami magani ba.

Sauyin yanayi zai iya cinye wannan ci gaba?

Zai iya cin babban rabo. Mafi yawan ƙasar Maldibs ba ta fi mita ɗaya da rabi sama da ruwa ba, shi ya sa a 2009 shugaba Muhammad Nashid ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin teku don duniya ta duba. Guguwar Idai ta ragargaza birnin Beira a Maris na 2019, ta kashe mutum sama da 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Idan yammacin tekun ya fi gabashinsa ɗumi, kamar a 2019, sai Gabashin Afirka ta sha ambaliya da farin ɗango, Ostireliya kuma ta sha fari da wutar daji.

Amma Bangaladash ta nuna ana iya rage asarar rai. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kusan 138,000. Aka gina dubban mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda makarantu ne a sauran ranaku, aka horar da 'yan sa-kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika. Da guguwar Amfan ta zo a 2020 an kwashe mutum sama da miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar 'yan gommai ne.

Akwai ƙungiyar da ta haɗa waɗannan ƙasashe?

Akwai IORA, Ƙungiyar Ƙasashen Bakin Tekun Indiya, wadda aka kafa a Morishus a Maris na 1997, bayan Nelson Mandela ya yi kira da haɗin kai a ziyararsa Indiya a 1995. Mambobinta 23, har da Faransa saboda tsibirinta na Riyuniyon. Pakistan ba ta ciki. Ƙungiyar ba ta yanke komai sai kowa ya yarda, kuma ta haramta wa kanta tattauna rigimar da ke tsakanin mamba da mamba, don haka ba ta da haƙoran cizo. Babu yarjejeniyar cire haraji da ta haɗa yankin duka.

Inda haɗin kai ya yi aiki sosai, masifa ce ta tilasta shi. Ranar 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa a gaɓar Sumatara ta tayar da igiyar tsunami da ta kashe mutum kusan 230,000 a ƙasashe 14. Igiyar ta ɗauki wajen awa 2 kafin ta isa Siri Lanka, wajen awa 7 kafin ta isa Somaliya, kuma babu wanda ya sanar da mutanen bakin ruwa su hau tudu. A 2006 aka kafa tsarin gargaɗi na tekun baki ɗaya. Yanzu cibiyoyi uku, a Indiya da Indunusiya da Ostireliya, suna sa ido dare da rana, suna aika wa sauran ƙasashen sanarwa cikin mintuna bayan ƙasa ta motsa.